Waiwaye: Shekarar da Arewa Ta Zauna Ta Gyara Kotunanta

Akwai addu'ar da iyayenmu mata ke yi wa ɗa idan zai fita neman abinci: "Allah ya tsare ka da asibiti, ya tsare ka da kotu." Mukan amsa da amin ba tare da mun tsaya mun auna maganar ba. Ta asibiti ba ta buƙatar bayani, don babu mai son ciwo. Amma kotu fa, ai domin wanda aka zalunta aka gina ta. To me ya kai mu ga halin da mai gaskiya ya fi marar gaskiya fargabar takardar sammaci? Za ka ga an ci wa mutum iyakar gona, ko an riƙe masa kuɗin kaya shekara guda, a ce masa ya kai ƙara, sai ya girgiza kai ya ce, "Na bar shi da Allah." Wani lokaci tawakkali ne na gaskiya. Sau da yawa kuwa lissafi ya yi: kuɗin mota, kuɗin lauya, ranakun kasuwar da za su wuce shi, da shekarun da zai kwashe yana kai da komo, ya ga abin da zai kashe ya fi abin da yake bi.

Mukan ɗauka wannan damuwa ta zamaninmu ce kaɗai, alhali Arewa ta taɓa shiga lokacin da jama'a da yawa suka ɗebe tsammani daga kotunansu, har shugabanni suka ga ba makawa sai an zauna an yi gyara. Shekarar 1958 ce, ana saura ƙiris a karɓi mulkin kai. Yawancinmu mun san sunayen 'yan siyasar wancan zamani, mun haddace ranar da aka sauke tutar Ingila, amma zaman da aka yi a Kaduna kan sha'anin shari'a ya kusa ɓacewa daga hirarmu. Ga shi kuwa yana da abin da zai gaya mana.

Waɗanda suka riski kotun alƙali ta zamanin En'e, ko suka ji labarinta daga bakin iyaye, sun san yadda take. Soro ne babba, ko dai a kusa da fada ko a gefen kasuwa. Alƙali na zaune a kan buzu, littattafansa a gefe, su Risala da Muhtasar da Tuhfa, muhuti yana kusa da shi da alƙalami da tawada, ɗan doka yana tsaye a bakin ƙofa. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Allah ya gafarta Malam." Babu lauya, babu tafinta, da bakinka za ka faɗi abin da ke tafe da kai. Mai ƙara ya gama da'awarsa, alƙali ya juya ga abokin shari'arsa ya ce, "Ka ji abin da ya faɗa?" In ya amsa, magana ta ƙare. In ya musa, a nemi shaidu. In babu shaidu, a ba da rantsuwa, kuma mutane da yawa sun gwammace su biya bashin da su yi alwala su dafa Alƙur'ani. Kafin a yanke hukunci sai an yi i'izari, a tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujjar da bai kawo ba. Rigimar aure, rabon gado, bashi, ɓarnar da shanu suka yi a gona, galibi kafin azahar kowa ya san matsayinsa. In shaida yana nesa, a ce a dawo ran kasuwa mai zuwa.

Irin wannan kotu ce ke ɗauke da mafi yawan shari'un Arewa, nesa ba kusa ba. Alƙalanta kuma ba a bar su haka nan ba. Tun 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci da ta yaye manyan malamanmu. Saboda haka idan dattijo ya ce da can shari'a ba ta kwana, yana da gaskiyarsa. Talaka ya san ƙofar kotu, ya san yaren da ake yi a cikinta, ya kuma san ranar da maganarsa za ta ƙare. Yau ka tambayi mai shari'ar fili yaushe za a gama, sai ya yi murmushi ya ce maka sai yadda Allah ya yi.

Amma masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mai marmarin jiya yakan manta da ƙayarta. Wancan alƙali ma'aikacin En'e ne. Sarki ke naɗa shi, Sarki ke tuɓe shi. Ɗan dokan da ya kamo ka, da alƙalin da ya yi maka shari'a, da yarin da zai kulle ka, duk daga baitulmali ɗaya suke karɓar albashi. Shi kansa Sarki yana da kotunsa, kuma kotunan manyan sarakuna suna da ikon yanke hukuncin kisa. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, aka kafa NEPU a Kano a 1950, sai wannan tsari ya nuna haƙoransa. 'Yan adawa suka riƙa shan ɗauri da bulala kan laifin yin taro ba izini ko zagin hakimi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama, kuma Malam Aminu Kano da mutanensa ba su gushe ba suna kuka da kotunan En'e. Saurin da muke yabo a shari'ar bashi, shi ne dai saurin da ake kai ɗan adawa kurkuku kafin danginsa su ji labari.

Ga kuma 'yan'uwanmu da ba Musulmi ba, na Filato da Binuwai da kudancin Zariya, da baƙin da ke zaune a unguwannin Sabon Gari. Suna ta tambayar wace doka za a yi musu hukunci da ita idan Bature ya tafi. Su kansu masana shari'a sun shiga ruɗani tun 1947, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsoho Gubba. A fiƙihun da alƙalai ke bi, abin da ya aikata kisan ganganci ne, a kundin Turawa kuwa tunzura mutum na iya sassauta laifin. Sai ya zama ran mutum ya rataya a kan wace ƙofar kotu aka fara shiga da shi. Hukumar da Ingila ta naɗa a 1957 ƙarƙashin Henry Willink don sauraron fargabar ƙananan ƙabilu ta ji irin waɗannan koke-koke da kunnenta.

Abin lura a nan shi ne yadda gwamnatin Sardauna ta karɓi maganar. Tana da rinjaye a majalisa, tana da sarakuna a bayanta, da ta so da ta ce masu ƙorafin 'yan hassada ne. Gaskiya ne akwai matsin lamba daga Landan, ga kuma son jawo masu zuba jari daga waje waɗanda ke son sanin dokar da za ta hau kansu. Duk da haka gwamnatin ta yarda akwai gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A zamaninmu kuwa, da wuya ka ji an soki wani hukunci ba a mayar da martani da cewa ana son zubar da mutuncin ɓangaren shari'a ba, kamar dai rufe bakin mai kuka shi ke warkar da ciwonsa.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne aika wakilai zuwa Sudan da Libiya da Pakistan, ƙasashen da Musulmi ke da rinjaye kuma suke zaune da wasu al'ummomi, a ga yadda suka tsara kotunansu. Bayan sun dawo aka kafa kwamitin masana mai mutum shida. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan wanda ya daɗe yana nazarin shari'ar Musulunci a Afirka. Daga gida kuma aka sa Shettima Kashim, Wazirin Borno, da Malam Musa, Alƙalin Bida, da Peter Achimugu, Kirista daga ƙasar Igala. A dubi wannan haɗi da kyau. An kawo baƙon da ba shi da gona ko suruki a cikin rigimar, an kawo alƙalin da ya san abin da ke faruwa a kan buzu, an kuma kawo wakilin waɗanda ke jin tsoro. Cikin 'yan makonni, a ƙarshen daminar 1958, suka miƙa rahotonsu.

Shawararsu ita ce a yi kundi ɗaya na hukunta laifuffuka wanda zai hau kan kowa a Jihar Arewa, a bar sha'anin aure da gado da sauran al'amuran iyali na Musulmi a hannun shari'ar Musulunci, na sauran jama'a kuma a hannun al'adunsu. Aka ɗauko samfuri daga kundin Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Ba a kai daftarin majalisa ba sai da kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu ya zauna ya bi shi daki-daki. Majalisa ta amince da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe bikin 'yancin kai. Shi ne Final Kod ɗin da har yau ake ambata a kotunanmu. A lokacin ne kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kaduna, wadda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya shugabanta daga 1962 zuwa 1967, aka kuma samar da kotunan lardi waɗanda alƙalansu ma'aikatan gwamnatin Jiha ne.

Har zuwa nan, wani zai ce ai mu ma mun iya wannan. Kwamitoci nawa muka kafa, dokoki nawa muka sa wa hannu? Haka ne. Abin da muka manta shi ne aikin da ya biyo bayan sa hannun. Mutanen nan sun san cewa kundin da ke ajiye a Kaduna ba zai yi wa kowa shari'a ba, alƙalin da ke zaune a Gumel ko Misau ko Argungu shi zai yi. Don haka aka fassara dokokin zuwa Hausa. Aka riƙa kwaso alƙalai da ma'aikatan kotu rukuni-rukuni zuwa Makarantar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo a Zariya, wasu kuma aka bi su har lardunansu ana koya musu. Dattawa masu furfura, waɗanda suka haddace Muhtasar tun suna samari, suka zauna a benci suna koyon yadda ake rubuta tuhuma da yadda ake ajiye bayanin shari'a. An kuma yi musu uzuri, aka ce a shekarun farko sabon kundin ya zama jagora gare su, kada a rushe hukuncinsu don ɗan kuskuren tsari matuƙar adalci ya tabbata. A wannan makaranta ta Kongo ne aka fara shirya samarin Arewa don karatun lauya a Ingila, cikinsu har da Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006.

Sai kuma abu mafi muhimmanci: a 1962 aka sake gayyato kwamitin Abu Rannat ya dawo ya duba yadda gyaran ke tafiya, abin da ya kama da abin da bai kama ba. Gyaran shari'a kamar yaɓen soro ne, wanda ya yi bara ya ce ya gama, damina za ta ba shi amsa. Mu kuwa mun saba da bikin ƙaddamarwa. A yanka kyalle, a ɗauki hoto, a raba jawabi, daga nan babu wanda zai sake komawa ya tambayi ko abin da aka rubuta ya isa kotun ƙauye.

Ba a ce gyaran 1960 ya share hawayen kowa ba. Yawancin kotuna sun ci gaba da zama a hannun En'e, 'yan adawa kuma sun ci gaba da ɗanɗana kuɗarsu har ƙarshen Jamhuriya ta Farko. Sai da soja suka zo, zamanin Hassan Usman Katsina, aka yi dokar kotunan yanki a 1967, aka rufe kotunan sarakuna, aka mayar da alƙalai ƙarƙashin Babban Joji. Malamai da yawa kuma ba su taɓa yafe taƙaita shari'ar Musulunci da aka yi ba. Wannan ƙorafi ya sake tasowa a majalisar tsara kundin mulki ta 1978, ya kuma dawo da ƙarfinsa a 1999, lokacin da Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, jihohi goma sha biyu suka rungume ta. Duk wanda ya ga cincirindon da ya cika Gusau a ranar ya san addini ne ya kai mutane. Amma a cikin zukatan da yawa daga cikinsu akwai wata ƙishirwa kuma, ta kotun da za ta saurare su da yarensu, ta gama da su da wuri, ba tare da an dubi aljihunsu ba.

To ina muka kwana? Mun raba alƙali da fada, wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Amma a hanya mun zubar da sauri, mun zubar da kusanci. Ɗaliban lauya duk sun san shari'ar Ariori da Elemo, rigimar fili a Legas da aka shigar a 1960, Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kanta a 1983, hukuncin kuwa shi ne a koma a sake ta daga farko. Mun ga yadda Manjo Hamza Al-Mustapha ya shafe shekara goma sha huɗu da ɗoriya a tsare, aka yanke masa hukuncin kisa a 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi a 2013. Ko me mutum yake gani game da shi, wannan wanda duniya ta san da zamansa ke nan, mai manyan lauyoyi. Ina ga yaron da aka kama a kan zargin satar waya, wanda babu mai zuwa masa beli? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi, wasunsu har sun wuce wa'adin da za a ɗaure su da an same su da laifin.

Ka leƙa kotun majistare a kowane babban garinmu da safe. Kafin ƙarfe tara benci ya cika, wasu na tsaye a baranda, jerin shari'un ranar yana liƙe a bango, ya fi abin da mutum ɗaya zai iya saurara ko da zai kwana a kan kujera. Motar gidan yari ta sauke mutanenta. Alƙali ya shigo, a miƙe, a zauna, ya ɗauki biro, domin a kotuna da yawa har yanzu da hannunsa yake rubuta duk kalmar da aka furta. A kira ƙara ta farko, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce shaidansa an yi masa canjin wurin aiki. Ta biyu, fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawara. Ta uku, lauya ya aiko da takarda yana wata kotun. A can baya ga wata tsohuwa da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali, ta taso tun asuba daga ƙauye don ta ga ɗanta. An kira sunansa, an yi Turanci na minti biyu, an mayar da shi. Ta jawo rigar masinja ta ce, "Ɗan nan, me aka ce?" Ya ce, "An ɗage, Iya, sai bayan Salla." Idan kuma aka yi rashin sa'a aka canza wa alƙalin wurin aiki, sai a koma farko.

Ba dokoki muka rasa ba. Kundin mulkinmu ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, ya ce alƙali ya yanke hukunci cikin kwana 90 bayan an rufe bayanai. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi ma suka yi irin tasu, ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum har a gama, in hakan ya gagara kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Ta kuma umarci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Dokar 2019 da ta sauya wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma. A takarda, abin da muke da shi ya fi na 1960. Tambayar ita ce, wa ya bi waɗannan dokoki zuwa kotun ƙasa, ya ba alƙali na'urar ɗaukar magana, ya ba shi kuɗin man da zai kai shi caji ofis, ya dawo bayan shekara biyu ya ga ko an yi?

Hujjar cewa za mu iya in mun so tana nan a gabanmu. 'Yan siyasa sun rubuta wa kansu a kundin mulki cewa ƙarar zaɓe ba za ta wuce kwana 180 a kotun farko ba, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Ana kuwa cika wa'adin, ko da za a zauna ranar hutu. Daga ina ake samo alƙalan? Daga manyan kotunan jihohi ake kwaso su, su bar shari'un gado da filaye da na waɗanda ke tsare su yi ta jira har su dawo. Kujerar gwamna tana da agogo, gonar marayu ba ta da shi. A 2021 kuma ma'aikatan kotuna suka rufe ƙofofi fiye da wata biyu suna neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa. Buƙatarsu tana kan hanya, amma waɗanda ke kulle su suka biya farashin.

A sama ma ba a tsira ba. A ƙarshen 2023 alƙalan Kotun Ƙoli sun ragu zuwa goma, alhali kundin mulki ya ba da damar 21, kuma sai a farkon 2024 aka cike gurbin. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, a jawabinsa na ban kwana a Oktoban 2023, ya fito fili ya koka da yadda martabar ɓangaren ta zube a idon jama'a. Ba a jima ba muka ga kotuna biyu a Kano suna ba da umarni masu karo da juna kan rikicin masarauta, har Alƙalin Alƙalai ya kira shugabanninsu Abuja. An ƙara wa alƙalai albashi a 2024, kuma sun cancanta. Sai dai talakan da ke sauraron rediyo abin da yake ji shi ne kowane mai ƙarfi yana da kotun da za ta ba shi takarda. Daga nan ne tsohuwar maganar nan ta cewa shari'a mace ce da ciki take sauya ma'ana a zuciyarsa, ya fara zargin cewa akwai waɗanda tun kafin haihuwa sun san abin da za a haifa.

Kuma idan jama'a suka bar zuwa kotu, rigimarsu ba ta mutuwa, wani wuri take komawa. Takan koma caji ofis, inda ake sasanta bashi da barazanar kullewa. Takan koma hannun 'yan daba. Takan koma ga taron da zai yi ihun ɓarawo ya nemo taya da fetur, kamar yadda aka yi wa ɗalibai huɗu a Aluu a 2012, da mafarauta goma sha shida a Uromi a 2025. A dazuzzukan Zamfara da Katsina ma, manoma da makiyaya duk sun daɗe suna cewa tun farko da an yi musu adalci a kan gona da burtali da shanun sata, da wutar ba ta kai haka ba. Wannan ba uzuri ba ne ga mai ɗaukar makami. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai 'yan alamun alheri da ya kamata mu riƙe. Legas ta buɗe gidan sulhu a harabar kotu a 2002, Kano ta bi sahu a 2009, inda masu rigima ke zama da mai shiga tsakani a kashe magana ba tare da doguwar shari'a ba. An kuma kafa kotunan ƙananan basussuka da ake son su gama ƙara cikin kwana 60, mutum ya tsaya wa kansa ba lauya. In an lura, wannan ai komawa ce ga abin da kakanninmu suka sani: kusanci, da sauri, da yaren da mai ƙara ke ji, amma a wannan karon ba tare da inuwar fada a kan alƙali ba. Sulhun mai unguwa da na limami da na dattawan kasuwa ma yana rage wa kotu kaya, muddin ba a mayar da shi hanyar danne marar gata ba.

Mu ma muna da namu kason a cikin cunkoson. Wanda ya san bashi na kansa amma ya ce wa lauya ya ja lokaci, ɗanmu ne. Mai shaidar zur a bakin kotu, maƙwabcinmu ne. Wanda ya ga an yi laifi ya ƙi zuwa ba da shaida don kada a ɓata masa rana, mu ne. Mai kai wa alƙali gaisuwa da dare ba daga wata ƙasa ya zo ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Darasin mutanen 1958 bai wuce abu uku ba, kuma babu mai tsada a ciki. Sun saurari masu ƙorafi har da abokan hamayyarsu, suka ba su kujera a wurin gyaran. Sun bi doka da ƙafa har zuwa wurin ƙaramin alƙali, suka koya masa da harshen da yake ji. Sannan suka sa ranar da za a dawo a duba. Don haka idan gwamna ko Babban Joji ya sake tara mu don ƙaddamar da wani sabon gyara, mu taya shi murna, sa'an nan mu yi masa tambayoyin da suka dace. Kwana nawa ƙarar gado ke ɗauka a kotun ƙaramar hukumarmu? Mutum nawa ke jiran shari'a a gidan yarin garinmu, kuma tun yaushe? Wace rana za a dawo a gaya mana ko adadin ya ragu? Shugaban da ya iya amsa waɗannan da alƙaluma, shekara bayan shekara, ba sai ya roƙi jama'a su amince da kotu ba, da ƙafarsu za su kawo ƙara.